Taguwar Ɗarafa

A shekarar da mahaifiyata ta rasu na fara ɗaukar karatun Shu'ara a wani zaure cikin birnin Zariya. Shekaruna ashirin da ɗaya, ba aure, ba sana'ar kirki, gida kuma ya yi mini faɗi. Malam ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma baitocin suna kansa. Kai ka janyo, shi ya fassara kalma-kalma yana gyara zama a kan buzu.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda mawaƙan jahiliyya suke bin turba ɗaya. Mutum zai tsaya a kufai, inda masoyiyarsa da danginta suka taɓa yada zango, bai tarar da kowa ba sai duwatsun murhu da suka yi baƙi. Ya yi kukansa. Maimakon ya juya gida, sai ya ɗaura wa taguwa sirdi ya nausa hamada.

Ɗarafa ya fi kowa wannan hali. Khaula, wadda ya buɗe waƙar da sunanta, baitoci kaɗan ta samu. Taguwarsa kuwa ta kwashe wajen talatin. Ya kamanta cinyoyinta da ƙyamaren fada, ƙoƙon kanta da maƙera, idanunta da madubai, har wuyanta ya haɗa da jirgin ruwa a kogin Dijla. Mun fi mako biyu muna fama da gaɓoɓin dabba. Rannan na gaji, na ce, "Allah gafarta Malam, wanda ke kewar mace, me ya kai shi ƙirga haƙarƙarin raƙumi?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yaro, wanda ba shi da abokin hira, ai abin hawansa yake ƙura wa ido."

Ban gaya masa ba, amma a lokacin ni ma ina da tawa taguwar. Alhamis da Juma'a ba karatu, kuma su ne ranakun da gida ya fi yi mini nauyi. Sai in tafi tasha in yanki tikitin jirgin ƙasa na Ƙauran Namoda, alhali ba ni da kowa a can, ba kuma abin da zan saro. Muddin jirgi na tafiya, lafiya lau nake. Ga masu tallar rake da dafaffen ƙwai a Funtuwa, ga gardamar fatake a kan farashin gyaɗa, ga wani tsoho da zai ba ka tarihinsa kaf kafin Gusau don ya san ba za ku sake haɗuwa ba. Amma da an isa Ƙaura da dare, kowa ya saɓa kayansa ya nufi inda ake jiransa, sai in ga ashe da kewar muka sauko. Tana nan zaune a gefena tun daga Zariya, ƙarar jirgi ce kawai ta hana ni jin ta.

Labidu ne ya tona mini asiri. Shi ma ya hau taguwa don ya manta da masoyiyarsa Nawaru, sai ga shi yana kamanta taguwar da saniyar daji wadda namun dawa suka cinye wa ɗan maraƙi, tana yawo cikin ruwan sama da duhu tana nemansa. Wato abin da ya hau don ya tsere wa rashi, shi ma mai rashin ne. A ganina babu wani wuri a littafin da ya kai wannan gaskiya, kuma har gobe na fi son Labidu a kan Imru'ul Ƙaisi, duk da abokan karatuna ba su taɓa yarda da ni ba.

Da muka zo nan ne Malam ya kawo zancen Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya sha waɗannan waƙoƙi har salonsu ya shiga nasa. Kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808, bayan abokansa da yawa sun kwanta dama a Tsuntsuwa da Alwasa, ya ga son duniya ya fara shiga waɗanda suka rage, sai ya bar rundunar jihadi ya fuskanci gabas da niyyar ƙasa mai tsarki. Shi da kansa ya ba da labarin a Tazyinul Waraƙati. Bai wuce Kano ba. Mutanen gari suka riƙe shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya koma. Malam ya ɗago ya dube ni da raunanan idanun nan, ya ce, "Ka ga, shi mutane ne suka tare masa hanya. Gobe Alhamis, ka zo ka riƙa karanta mini wasiƙu."

Har yau ban san wanda ya kai masa labarin jirgina ba. Shekara biyu ina karanta masa wasiƙu duk Alhamis, mu ci tuwo tare, in tafi. Ya rasu muna tsakiyar waƙar Antara, ban kuma ƙarasa ta a gaban kowa ba.