Ba Kowane Jan Ido Ne Apolo Ba

 Yau labarin idon Babanmu zan ba ku, don na san yadda muke yi a nan Sabo ta Ibadan haka ake yi a Agege da Shagamu: ido na yin ja sai a ce Apolo ne, a aika yaro kemis.

A daminar 2023 Apolo ya shigo gidanmu. Ƙanwata ce ta kwaso a makarantar allo, kafin mako ya zagayo mu shida duk mun kamu, ido jawur, ga ƙaiƙayi, ga hawaye, da asuba sai ka sa ruwa kafin kwantsa ta bar ka ka buɗe ido. Shi wannan ciwo bairas ke kawo shi, kuma ta hannu da tawul da matashin kai yake yaɗuwa, ba ta kallon mai shi ba kamar yadda Inna ta haƙiƙance. Sunan ma daga Ghana ya taso, domin a 1969 annobarsa ta ɓulla can, shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauka a duniyar wata. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu yake tafiya da kansa, abin da ake so kawai wanke hannu da ɗora tsumma mai tsabta mai sanyi. Haka kuwa aka yi, duk muka warke.

Sai Baba. Shi nasa ido ɗaya ne, na hagu, kuma ba ƙaiƙayi yake ba, zogi yake, ko fitilar rumfa ba ya iya kallo. Ashe kwana biyu kafin nan, yana kwance huhun goro, tsinken ganye ya soke shi a idon, bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ni aka aika kemis, ni na ce wa mai shagon Apolo ne, ya ba ni wani maganin ɗigawa. Wallahi har yau abin yana ci mini rai. Jan ya ragu, muka yi murna, amma bayan 'yan kwanaki sai ga wani farin ɗigo a kan baƙin idon. Maƙwabta kowa da shawararsa, wannan ya ce ruwan sukari, wancan ya ce nonon mai shayarwa, har da mai cewa fitsari. Allah Ya sa Baba ya ƙi, don daga baya na ji fitsari na iya kai wa ido ƙwayar ciwon sanyi, ta cinye shi cikin kwanaki.

Ranar da ya kasa ƙirga ƙwaryar goro na ce, "Baba, ku yi haƙuri mu je asibiti." Ya ce, "Kai yaro, wa zai zauna rumfa?" Da ƙyar dai ya yarda.

A asibitin koyarwa ni na yi tafinta, tunda nan aka haife ni, Yarbanci bai fi ƙarfina ba. Likitar ta fara sa shi karanta alamu a allo, ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sa masa wani rini mai ruwan ɗorawa ta haska da shuɗiyar fitila, sai wurin ciwon ya fito kore shar. Ta ce gyambo ne. Suka ɗan kankari wurin aka kai gwaji, aka ga fangas ne, dangin fumfuna, wanda yakan biyo raunin ganye ko kara. Da na nuna mata kwalbar kemis sai ta girgiza kai. Akwai sitiroyid a ciki, shi kuwa yana kwantar da ja ne amma yana raunana garkuwar ido, ƙwayar cutar ta samu sake. Ta ce mini in ido ja ne da zogi, ko gudun haske, ko gani ya ragu, musamman ido guda, ranar ake zuwa asibiti, don yana iya zama gyambo, ko kumburin cikin ido, ko hawan jinin ido.

Aka rubuta masa maganin fangas na ɗigawa, da farko kowace awa, dare da rana. Ni da yayana muka raba dare, muna tashinsa. Mun fi wata muna zarya.

Alhamdu lillahi idon bai tsiyaye ba, amma hakiya ta zauna, da shi sai dishi-dishi yake gani. Yanzu in zai zaɓi goro sai ya karkata kai ya duba da na dama, ni kuma na karɓi kwance huhu.