Daga Duwatsun Dutse Zuwa Fadamar Baturiya

A ƙasar Italiya, masu yawon buɗe ido kan yi watanni suna tsara tafiyar mota tsakanin tafkin Komo da tsaunukan Alps. Mu ma a Jigawa muna da duwatsu da ruwa, sai dai ɗalibai da yawa kan gama sakandare ba su taɓa zuwa ganinsu ba. Ga yadda muke ganin ya dace ƙungiyar makaranta ta tsara tafiyar.

Da farko, lokaci. Mun zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin da damina dutse na da santsi, da bazara kuwa kafin hantsi ya ɗau zafin da tafin ƙafa ba ya jurewa.

A tashi daga Dutse, wadda ta zama babban birnin jiha a 1991. Da sassafe a hau duwatsun da ke kewaye da Garu, inda fadar sarki take, a hango itatuwan dabino. Daga nan sai Birnin Kudu, kuma a nan ya kamata a daɗe. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai tsofaffin zanen shanu a jikin dutse. Ku duba da kyau: shanun ba su da tozo, ba irin waɗanda muke gani a kasuwar Maigatari ba. Akwai kuma duwatsun da idan an ƙwanƙwasa su suke ƙara kamar ƙararrawa, waɗanda Baturen nan Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. A nemi ɗan jagora, kuma kada kowa ya taɓa zanen ko ya rubuta sunansa da gawayi. Wanda ya goge, babu mai sake zana shi.

Da la'asar a biya madatsar ruwa ta Warwade kusa da Dutse, a kalli masunta. Ban da wanka, ko da mutum ya iya iyo.

Baturiya, can ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, a ba ta ranarta daban. Masu cusa ta cikin yini ɗaya kan isa da tsakar rana, tsuntsaye sun lafe. Gara a kwana a Haɗeja, a fita da asuba. Wasu tsuntsayen da za a gani daga Turai suka taso, suka tsallako Bahar Rum da Sahara don gudun sanyi. A tanadi ruwan sha, da takardar izinin iyaye, da tayar safaya.