Zagayen Farm Centre: Kasuwar Waya da Masu Jefa Ƙugiya

Duk wanda ya sauka daga adaidaita sahu a bakin kasuwar waya ta Farm Centre, da ke ƙaramar hukumar Tarauni a Kano, kafin ya gyara tsayuwa samari sun tare shi da tambaya: saye ne, ko sayarwa, ko gyara? Ciki kuwa shaguna ne a jere, ga tebura masu gilashi cike da wayoyi, sababbi a kwali da na hannu, ga caja da batir, ga ƙarar janareta ta ko'ina. 'Yan sari na zuwa nan daga jihohin maƙwabta. Ku biyo mu mu zagaya, domin akwai darasin da ba a rubuta shi a allon aji.

Mu fara da layin masu gyara. A nan ana canza gilashin da ya fashe, a farfaɗo da wayar da ta sha ruwa. Amma akwai kukan da mai gyara ba shi da maganinsa: wani an ƙwace masa WhatsApp, wani an yashe masa asusun banki alhali wayarsa na aljihunsa. Lafiyar wayar ƙalau, mai ita aka yaudara. Turawa sun aro sunan wannan damfara ne daga kamun kifi. Ɗan damfara yakan tura saƙo ɗaya ga dubban mutane, kamar mai jefa ƙugiya da tana a bakinta, sai ya zauna jiran wanda zai haɗiya.

Su wa suka fi haɗiya? Ku dubi dattijon can da ya miƙa ƙaramar wayarsa mai maɓallai yana neman a karanta masa saƙo. Irinsa ake kira da murya mai ladabi a ce daga banki ne, za a rufe masa asusu yau idan bai sabunta BVN ba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da BVN a 2014, lambar nan mai alƙaluma 11 ta zama abin tsorata mutane. Ɗan damfara na iya faɗa wa Baba cikakken sunansa da ranar haihuwarsa don ya saki jiki, sannan ya nemi lambobin jikin katin ATM, da guda 3 na bayansa, da lambar OTP da za ta shigo. Da zarar an karanto masa, kuɗi sun tafi.

Mu matsa rumfar masu POS da 'yan kasuwa. Su matsalarsu sauri ce. Ciniki ya yi zafi, mutum biyar na magana lokaci guda, sai a nuna musu alat na bogi, ko a turo saƙo mai ɗauke da tambarin banki a ce su shiga su tabbatar da wani kuɗi. Shafin da zai buɗe kwaikwayo ne, kuma duk abin da aka rubuta a ciki hannun ɓarawo yake faɗawa. Ashe mai ilimi ma yana faɗawa idan hankalinsa ya rabu.

Sai kuma ku, ɗalibai, da ake kawowa a saya wa wayar farko. Tanar da ake sa muku daban ce: kyautar data, tallafin karatu, gurbin aiki, ko alkawarin ƙara makin JAMB da gyara sakamakon WAEC ko NECO. Babu wanda zai ƙara muku maki ta WhatsApp. Wata dabarar ita ce saƙo daga abokin da aka riga aka ƙwace wa asusu, yana cewa a turo masa lamba 6 da ta shigo bisa kuskure. Wannan lambar ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinku. Kuna bayarwa za a fara roƙon kuɗi da sunanku a zauren 'yan ajinku da na dangi.

Idan kun lura, tsoro aka sa wa Baba, gaggawa ta ci ɗan kasuwa, ɗalibi kuma kwaɗayi. Duk saƙon da ya taso muku da ɗaya daga cikin ukun nan, ku dakata tukuna. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri ko OTP. Ku kashe kiran, ku kira lambar da ke bayan katin, ko a je reshe da ƙafa. Ku riƙa duba adireshin shafi da kyau: na hukumomin gwamnati yakan ƙare da .gov.ng, kamar jamb.gov.ng, kuma ya fi kyau ku rubuta shi da hannunku maimakon latsa wanda aka turo. Ku kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp da Facebook, ku sa wa layinku lambar sirri. Wayar hannu kuwa, a goge ta tas kafin a saya ko a sayar, kuma a cire layi kafin a bar wa mai gyara.

Idan tsautsayi ya riga ya faɗa, kunya ba ta da amfani. A sanar da banki nan take ya toshe asusun, a gaya wa iyaye, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga masu wannan aiki. Kada kuma ku ara wa kowa asusunku a turo kuɗi ta ciki, don ku za a fara nema.

A gidaje da yawa ku ne masu karanta wa Baba da Inna da Kaka saƙon waya. To a daren yau ku zauna da su, ku gaya musu lambobin da ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya rantse daga banki yake.