Sawakin: Bin Sawun Ɗigon Man Gas A Tashar Alhazan Da

Sawakin tana bakin Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan, tafiyar kamar awa guda a mota daga Fot Sudan idan aka nufi kudu. Tsohon garin yana kan wani ɗan tsibiri ne a ƙuryar lungun teku, kuma da dutsen murjani aka gina gidajensa, yawancinsu yanzu sun zube sun zama tsibin fararen duwatsu. Turkawa sun riƙe garin tun ƙarni na 16. Ta nan ne alhazan ƙasar Hausa da Barno, waɗanda suka yi shekaru suna taka sayyada, suke shiga jirgi su haye zuwa Jidda. Da yawa guziri ya ƙare musu a hanya suka zauna, shi ya sa har yau ba a rasa mai amsa sallama da Hausa a gabashin Sudan. Da Turawan Ingila suka buɗe tashar Fot Sudan a 1909, saboda mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci, sai fatake suka kwashe, garin ya shiga mutuwar tsaye. A watan Disambar 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci tsibirin, aka ƙulla yarjejeniyar gyara shi.

Wannan ƙuncin mashiga da ya kori manyan jirage shi ne ya sa lungun ya zama mafaka ga ƙanana. Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ƙananan jirage masu filafilai, wato waɗanda iska ke turawa, sukan yada zango a nan kan hanyarsu ta zuwa mashigar Suwez. Kowannensu yana ɗauke da ɗan injin dizal a ƙarƙashin matakala, wanda girmansa bai wuce na janaretan shago ba. Mai karatu zai ce, to mai filafilai me zai yi da inji? Amsar tana cikin teku. A wannan sashe na Bahar Maliya iska daga arewa take busowa mafi yawan shekara, wato tana dukan goshin mai nufar Suwez. Sannan hanyar shiga Sawakin siririya ce, murjani dama murjani hagu, ɓoye ƙarƙashin ruwa kamar wuƙa. Injin da ya mutu a tsakiyar wannan hanya bai bar wa matuƙi lokacin tunani ba.

A can na ga yadda ake neman yoyon man gas, a hannun wani dattijon bakanike mai jin Hausa, wanda kakansa ya taso da niyyar Makka ya tsaya a nan. An kira shi wani jirgi da warin mai ya hana mutanensa barci. Na yi zaton zai fara da sifana. Da sabulu da tsumma ya fara. Ya wanke injin tas, ya tsane man da ya taru a ƙasan jirgin, ya bar komai ya bushe. Na ce masa, “Baba, wanka aka kira ka yi wa injin ne?” Ya ce, “Malam, gas maƙaryaci ne. Inda ya ɗiga daban, inda ya fito daban.”

Gaskiyarsa. Man dizal yana bin jikin tiyo da ƙarfe yana rarrafe, sai ya kai wuri mafi gangara sannan ya ɗiga. Wanda ya ɗaure notin da ya ga ɗigo a kansa, sau da yawa ya ɗaure marar laifi. Saboda haka bayan wanka sai a naɗa farar takarda a kowace mahaɗa, ko a barbaɗa hoda, a tayar da inji, a zuba ido a ga wadda za ta fara jiƙa, kuma daga sama ake duba ta zuwa ƙasa.

Hanyar man kanta ba ta da wuyar ganewa. Yana tasowa daga tanki, ya bi ta filtar farko mai raba shi da ruwa, ɗan ƙaramin famfo ya zuƙo shi ya tura filta ta biyu, daga nan ya shiga babban famfo, wanda ke harba shi ta bututun ƙarfe zuwa nozul. Abin da nozul bai ƙona ba ya koma tanki ta wata siririyar tiyo. Wannan ƙaramin famfon shi ne iyaka tsakanin yoyo iri biyu, kuma a ganina duk sirrin sana'ar a nan yake. Daga shi zuwa gaba, mai a matse yake, in akwai kafa sai ya fito, ido ya gani, hanci ya ji. Daga shi zuwa baya kuwa, idan tanki yana ƙasa da inji, zuƙo man ake yi, don haka kafar ba ta fitar da komai, iska take shigarwa. Injin zai kasance a bushe ƙarau, babu wari babu ɗigo, amma ya riƙa wuyar tashi da safe, ƙararsa na hawa tana sauka, rana ɗaya kuma ya ɗauke numfashi ba sallama. Mai wari yana damun hanci, wannan kuwa shi ke kai jirgi kan murjani. Ana kama shi ta hanyar sa tiyo garai-garai mai nuna abin da ke ciki na ɗan lokaci, a ga ko kumfa na wucewa, ko kuma a ciyar da injin kai tsaye daga jarka. In ya daidaita, an san laifin yana tsakanin tanki da famfo.

A jirgin da muka shiga, takardar da ta fara jiƙa tana kan filta ta biyu ne, wurin wani noti mai rami a cikinsa wanda mai ke bi ta tsakiyarsa. Irin wannan noti yana da zobba biyu na jan ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Zoben yana da laushi yana sabo, ɗauri ke latse shi ya toshe kafa, amma da zarar an latse shi sau ɗaya ya taurare. Wani ya canza filta, ya mai da tsofaffin zobba, da ya ga naso sai ya ƙara ɗauri. Nan ne ganganci yake, domin noti mai rami ba ya jure ƙarfi, karyewa yake, kuma wanda ya karya shi a Sawakin zai sha jiran wani. Dattijon bai da sababbin zobba daidai awo. Ya riƙe tsofaffin da filaya a kan wutar risho, can a bakin gaɓa nesa da jirgi, har suka yi ja, ya bar su suka huce, laushinsu ya dawo, ya goge fuskarsu a kan takardar yashi. Dabara ce ta fita kunya, ba ta kai sabo ba, kuma haka ya gaya wa mai jirgin. Bayan ya mayar, ya sassauta kusar fitar da iska, ya yi ta danna hannun ƙaramin famfo har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, sannan ya ɗaure.

Abu guda ya hana kowa yi, wato shafa bututun ƙarfe da hannu inji na aiki. Man da ke tafiya zuwa nozul yana da matsin da ya ninka na tayar mota sau da dama, tsirtowarsa ta kafa kamar bakin allura tana huda fata ta shige tsoka, raunin ya yi kama da cizon sauro alhali yana iya jawo asarar yatsa. Guntun kwali ake kusantarwa. Bututun da ya tsage kuma ba a like shi, sauya shi ake yi. Daga ƙarshe ya zaro sandar auna baƙin mai ya sansana. Idan robar cikin ƙaramin famfo ta yage, dizal yakan tsiyaya cikin baƙin mai ba tare da ya fito waje ba. Alamarsa ita ce baƙin mai ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, ya tsinke, ya daina kare ƙarfe daga cin juna.

Mu mutanen tudu mun saba wa yoyo. A tashar mota ko bayan shago, janareta na ɗiga, ƙasa na shanyewa, ba mai tambaya. Jirgi kuwa kwano ne, duk abin da ya zuba yana nan tare da kai. Gaskiya ne dizal ba ya kama wuta da sauri kamar fetur, sai ya ɗumama fiye da digiri 50 kafin tururinsa ya kama, amma ɗakin inji a zafin Bahar Maliya ba wuri ne mai sanyi ba, kuma feshin mai a kan bututun hayaƙi ba ya jiran lissafi. Jarabar mai jirgi ita ce ya kunna famfon kwashe ruwa ya watsa komai cikin teku da dare. Yarjejeniyar MARPOL ta 1973 ta hana zubar da mai a teku, kuma ta sa Bahar Maliya cikin wurare na musamman. Arewa da nan kaɗan akwai murjanin Sanganeb, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, ga kuma masuntan Sawakin da abincinsu ke cikin wannan ruwa.

Man da aka tsane daga ƙasan jirgin, gauraye da ruwan gishiri, dattijon ya ɗura shi a jarka ya sa yaronsa ya kai tudu. Ya ce in ya kwana ruwan zai kwanta ƙasa, man ya taso sama, a tsiyaye shi a wanke sifana da shi. Sabuwar takardar da ya naɗa a kan notin ya ce kada a cire ta sai jirgin ya yi tafiyar awa biyu a buɗaɗɗen teku, domin wata kafar ba ta buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi.