Wardin Baba

Baba ne ya zo da dashen furen wardin daga Jos, cikin baƙar leda, ya dasa shi kusa da rijiyar gidanmu a Madachi. Furensa ruwan ɗorawa ne, ya kai tafin hannu, ga ƙamshi. Makon da Baba ya rasu, awaki suka tarar da ƙofa a buɗe suka cinye shi har ƙasa, mu kuwa hankalinmu na wajen karɓar gaisuwa.

Da damina ta sauka sai ga reshe ya fito. Inna, wadda ba ta fita takaba ba tukuna, ta ce wardin Malam ya dawo, kullum da asuba tana juye masa ragowar ruwan butarta. Amma da ya yi fure sai muka ga ƙanana, jajaye, babu ƙamshi, rassan kuma dogaye suna neman hawa katanga. Muka ɗauki hoto muka yi ta kwatantawa a waya, ba mu samu wanda ya dace ba.

Kawunmu mai lambu a Kibiya ne ya warware mana. Ko furen bai duba ba. Ya durƙusa ya tone ƙasa da yatsa, ya nuna mana wani busasshen ƙulli, sabon reshen kuwa daga ƙarƙashinsa ya tsiro. Ya ce, "'Ya'yan nan, ai mai aure ne, kamar lemo. Ana ɗora idon lemon zaƙi a gindin na tsami saboda saiwarsa ta fi juriya. In saman ya mutu gindin ke tohowa, sai a sha tsami." Ya ce da saman na raye, da an fizge wannan reshen don kada ya shanye masa ƙarfi, amma yanzu babu sauran abin ceto.

Kwana biyu muna gardama a zaure. Wasunmu suka ce a tumɓuke a sayo wani, wasu suka ce a bar Inna da abin da ta ɗauka. A ƙarshe muka shiga muka faɗa mata gaskiya.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To gindin fa, wa ya binne shi? Ba Malam ba?"

Washegari muka saro ƙaya muka kewaye shi saboda awaki. Har yau ba mu san sunansa ba, wardin Baba muke ce masa.