Bencin Baya

A Nasarawa aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, inda maƙwabcinmu na dama Bajju ne, na hagu Bayarabe, kowa kuma da Hausa yake cinikin gishiri. Masaƙun Kakuri ne suka tara iyayenmu. Tun da aka buɗe Kaduna Textiles a 1957 mutane ke kwararowa kudancin kogin Kaduna neman aiki, mahaifina yana cikinsu. Da masaƙun suka durƙushe, Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007, sai unguwar ta cika da magidanta marasa albashi da yaran da ke fita talla kafin su tafi makaranta.

Yau ina koyar da lissafi ga ɗaliban da ke shirin zama malamai a wata kwalejin ilimi, kuma cikin aikina akwai bin su makarantu lokacin gwajin koyarwa. Shekaru kaɗan da suka wuce aka tura wata ɗalibata wata firamare a unguwarmu. Ɗiyar tsohon ma'aikacin masaƙa ce, da kuɗin ƙosan mahaifiyarta ta yi karatu. Na tafi duba ta da farin ciki, ina cewa a raina: ga wadda ta san zafin talauci, ba za ta bar ɗan kowa a baya ba.

Aji biyar ne, yara sun kusa tamanin. Na zauna a baya da takarda, ina sa alama duk lokacin da ta kira yaro. Darasin tara rabi da kwata ne. Cikin minti talatin da biyar ta yi tambaya goma sha huɗu, goma sha biyu sun faɗa kan layi biyun gaba, inda masu takalmi da ɗan Turanci ke zama. Sau ɗaya ta juyo baya, ta ce wa wani yaro ya rufe mata baki.

Yaron kusa da ni yake. Abin da yake raɗa wa abokinsa shi ne, amsar da wata yarinya ta rubuta a allo, 2/6, ba daidai ba ce. Na tambaye shi dalili. Ya ce, “Malam, in na zuba rabin kwalba na ƙara kwata, ai saura kwata ta cika.” Man gyaɗa yake sayar wa kakarsa da yamma. Ya san amsar ita ce 3/4, ya kuma san cewa ba yadda za a ƙara wa rabi wani abu ya koma ƙasa da rabi. Turancin faɗa ne ba shi da shi.

Da aka tashi na nuna mata takardar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Malam, wallahi ban sani ba. A bencin nan na zauna shekara shida.”

Wannan magana ta rushe min wani zato da na daɗe ina riƙe da shi, cewa wanda ya fito daga cikin marasa galihu zai yi musu adalci da kansa. Malami yakan koyar ne yadda aka koyar da shi. Kafin ɗaliba ta shigo kwaleji ta yi shekara goma sha biyu tana kallon malamai, ta koyi cewa mai ƙoƙari shi ne mai saurin ɗaga hannu, lissafi kuma ƙa'ida ce da ake haddacewa. Shekara ukun NCE ba sa goge wannan sai an nufe shi da gangan. Ga kuma tsoro: da na matsa mata, ta amsa cewa ita ma ba ta san dalilin da ya sa ake daidaita lambobin ƙasa kafin a tara ba. Malamin da bai tsaya da ƙafarsa a darasi ba yana gudun tambayar bazata, don haka yake manne wa yaran da za su maimaita masa abin da ya faɗa.

Ba laifinta ba ne ita kaɗai. A 2023 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 140 ne cikin 400, na kwalejin ilimi kuwa 100. Da yawa daga ɗalibaina sun zo ne don ƙofar jami'a ta rufe, kuma 'ya'yan talakawa ne suka fi yawa a cikinsu. Su ne za su koma su koyar da ƙannensu. A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. An yi ta muhawara kan adalcin matakin, amma ni abin da ya tsaya min shi ne, waɗanda aka kora da waɗanda suka maye gurbinsu duk daga hannun irinmu suka fito. Idan rijiya ta gurɓace, canja guga ba ya magani.

Kuma ba a rasa abin koyi ba. A nan Kaduna hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take tun 1976. Jihar Kaduna na cikin jihohi uku, tare da Neja da Filato, da aka fara shirin SMASE a 2006 da taimakon hukumar JICA ta Japan, shirin da ke koya wa malaman lissafi da kimiyya su sa yara aiki da hannu, da kayan da ke kusa. Tun 1970 kuma Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife, inda aka koyar da yara darussan firamare da Yarabanci, ba su kuwa gaza takwarorinsu ba. A aji irin na Nasarawa, inda Bagwari da Ba'ibo da Bahaushe ke benci ɗaya, Hausa ce gadar da mafi yawansu ke iya hawa, ko da ba kowa ba, don haka malami sai ya san wa yake ji da wane harshe.

Tun daga ranar na sauya abu uku a aikina. Na farko, ba na barin ɗalibi ya wuce wata ƙa'ida sai ya bayyana dalilinta da Hausa, ba tare da alli ba, kamar yana yi wa kakarsa bayani. Na biyu, duk mai gwajin koyarwa sai abokinsa ya zauna a baya ya ƙirga wa aka kira: gaba ko baya, mace ko namiji. Na uku, kowa zai shiga unguwa ya kawo lissafi ɗaya daga wurin tela, ko mai awo, ko mai cajin waya, ya gina darasi a kai.

Na koma ajin bayan mako uku. Ta zo da kwalabe huɗu da bokitin ruwa, ta tsaya a tsakiyar aji. Darasin bai tafi sumul ba: ruwa ya zube, hayaniya ta yi yawa, lokaci ya ƙare ba ta gama ba. Amma ta kira mai man gyaɗa gaban allo, ya zuba, ya yi bayani da Hausa, ita kuma ta rubuta abin da ya faɗa da lambobi, ta sa ajin ya maimaita da Turanci.

A hanyar gida na bi ta layinmu na da. Na tuna shekaruna tara ina koyarwa a sakandare kafin in koma kwaleji, ana yabona da iya lissafi. Ba wanda ya taɓa zama a bayan ajina da takarda. Ina iya kawo sunayen yaran layin gaba har yau, na baya kuwa ko fuska ɗaya na kasa tunawa, alhali nan ne wurin zamana ina yaro.