Atamfar da na fara yankawa

Ranar jajibirin Ƙaramar Sallah tela ya miƙo min atamfata a leda, yadi 6 cif, ko almakashi bai sa mata ba. Tun daga shagonsa nake kuka har gida.

Bayan isha'i Inna ta yaye zanin da ke lulluɓe da tsohon kekenta Butterfly, ta ɗiga masa mai. "Ɗora tsohuwar rigarki a kai ki bi, ki bar wurin ɗinki," in ji ta. Jikina na rawa na yanka. Kuɗin adashena ne fa na kai Kantin Kwari.

Hannun rigar na hagu ya fi na dama tsawo. Haka na je Idi, na rufe da mayafi. Tana nan a akwatina, har yau ban gyara hannun ba.